Cutty Sark: Jirgin da Ya Zo a Makare



A ranar 22 ga Nuwamba, 1869, aka saukar da jirgin ruwa mai filafilai, Cutty Sark, a garin Dumbarton na Sikotilan. Attajirin Landan John Willis ya sa aka ƙera shi don jigilar ganyen shayi daga Sin, a zamanin da wanda ya riga isowa da sabon ganye shi ke cin kasuwa. Sai dai kwana biyar kafin nan an buɗe mashigin Suwez. Jiragen da ke aiki da kwal suka samu gajeriyar hanya, su kuwa masu dogaro da iska dole su ci gaba da zagaye kudancin Afirka. Tun daga ranar suna, sana'ar jirgin ta fara mutuwa.

Duk da haka ya taɓa abin faɗa. A 1872 ya yi tsere da wani jirgi mai suna Thermopylae daga Shanghai, guguwa ta karya masa abin juya akala, ma'aikata suka ƙera wani a tsakiyar teku, ya iso Landan mako ɗaya bayan abokin karawarsa. A 1877 ya ɗauki shayinsa na ƙarshe.

Da kiɗa ya canza, sai ya koma dakon gashin tumaki daga Ostireliya. A hannun Kyaftin Richard Woodget ya yi kwana 73 kacal daga Sydney zuwa Landan. A 1895 'yan Fotugal suka saye shi, suka raɗa masa suna Ferreira, ya riƙa zirga-zirga tsakanin Lisbon, Brazil, Angola da Mozambik. A 1922 Kyaftin Wilfred Dowman ya fanso shi, a 1954 aka girke shi a Greenwich. Gobara ta cinye wani sashensa a 2007, aka gyara, aka sake buɗe shi a 2012.

Masu yawon buɗe ido suna yaba saurinsa da kyan ƙirarsa. Amma a tuna abin da ke cikinsa: gashin tumakin da aka yi kiwo a ƙasar da aka ƙwace wa 'yan asalin Ostireliya, da kayan ƙasashen Afirka da Fotugal ta mallake. Ribar ta sauka Landan da Lisbon. An adana jirgin, an rubuta sunan kyaftin, masu dakon da suka cika shi kuwa ba wanda ya san sunansu.