Ku bar yara su yi zane da alli a ƙasa



A layukan Federal Housing da ke Lugbe, da yamma za ka ga yara durƙushe suna zana gidajen 'yar gala-gala a kan siminti, wani da alli, wani da gawayi. Kafin gari ya waye, ruwan sama ko tsintsiya sun share komai. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan ƙazanta ce, sai su kora yaran ɗaki su miƙa musu waya. A nan muke tafka asara.

Yaron da ya san zanensa ba zai kwana ba, ba ya tsoron kuskure. Layi ya karkace, sai ya goge da ƙafa ya sake. Ai mun saba da haka: ɗalibi yana wanke allonsa bayan ya haddace karatu, lallen amarya kuma yakan dushe cikin makonni, ba wanda ya ce an yi aikin banza.

Ga kuma ribar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a gaban waya ko talabijin. Tsalle-tsallen 'yar gala-gala yana rage wannan bashi, kuɗinsa kuwa bai wuce na kwalin alli ba.

Sai dai a kula. Da sinadarin kalsiyam ake yin allin makaranta, ɗan abin da yaro ya lasa ba ya cutarwa. Amma yaro ko mai juna biyu da ke kwaɗayin cin alli ko ƙasa, a kai su gwajin jini, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Mai ciwon asma ya riƙa jiƙa allin don rage ƙura. Kada a bari su fasa batir don ciro baƙin sandan ciki, ko su yi wasa da ɓawon tsohon fenti, wanda kan ƙunshi gubar dalma. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Filin zane kuma ya tsaya a tsakar gida ko layin da mota ba ta yawan bi, nesa da titin filin jirgin sama.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.