Wa Ya Sayar da Burtali?

Duk wanda ya tashi a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ya kuma haura shekara talatin, ya san burtali da ƙafarsa. Hanya ce mai faɗi tsakanin gonaki, an yi mata shinge da aguwa da cini-da-zugu, garke ya bi ta ya isa mashaya ba tare da ya taɓa ko kara ɗaya ba. A bayan gari kuma akwai hurumi, filin da ba mai mallakarsa, inda tumakin gari ke kiwo, mata su yi itace, yara su buga ƙwallo. Yau ku je ku nemo su. A wurare da yawa burtalin ya koma 'yar siririyar hanyar babur, hurumin kuma an yanka shi filoti-filoti, an kafa turaku, an jibge bulo.

Mu da muke aiki da kwamfuta ba sai an ba mu labari ba. Buɗe Google Earth, ka ɗauko hoton tauraron ɗan'adam na gefen garinku na shekarun baya, ka kwatanta shi da na yanzu, za ka ga yadda fili ke motsewa shekara bayan shekara. Ba iska ce ta kwashe shi ba. Wani ya sayar, wani ya saya, wani ya zama shaida, wani ya buga hatimi. Sauranmu muka kawar da kai.

Keɓe fili don amfanin jama'a daɗaɗɗen abu ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u a kusa da Madina don kiwo, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe gandun kiwo a 1965. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin karkara, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. Ashe addini da al'ada da doka duk sun san da filin jama'a. Masu riƙon amanar ne suka mai da shi gadon gidansu.

Mun kuma ga abin da hakan ya haifar. Ba mu ce cinye burtali shi kaɗai ya jawo ta'addanci ba. Akwai satar shanu, da zalunci wajen shari'a, da kwararowar bindigogi, da rashin aikin yi. Ba kuma uzuri muke nema wa mai kisa ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da garke ya rasa hanyar zuwa ruwa, ta gonar wani zai bi, daga nan sai sara da sanda, sai tara, sai gaba. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, namu ukun duk suna ciki. Wanda ya ga waɗannan bai kamata ya ɗauki maganar fili da wasa ba.

Abin takaici shi ne kuskuren da aka yi a daji shi ake maimaitawa a cikin gari. Mutanen ƙauyuka sun gudo, gari ya cika, fili ya yi tsada, dillalai suka buɗe ido. Yanzu hankali ya koma kan gefen filin makaranta, da bakin maƙabarta, da filin Idi, da fadama, da kududdufin da ke shanye ruwan unguwa. A cike kududdufi a yi shaguna, damina ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa, ya shiga ɗakunan talakawa, sai a ce ƙaddara ce.

Za a ce mana 'yan gudun hijira na bukatar muhalli. Gaskiya ne, kuma 'yan'uwanmu ne. To amma ku zagaya ku gani, nawa ne daga cikin filotan da aka yanka suka faɗa hannun wanda ya gudo da tabarma da tukunya? Mai kuɗi ke saye ya kewaye, ya zauna jiran farashi ya tashi. In da gaske ake, gwamnati ta fitar da sabuwar unguwa a tsare, da rijiya da makaranta, ta bar fadama da hurumi a inda suke.

Za a ce kuma makiyaya sun zama abokan gaba, me za a yi da burtali? Wannan magana ta manta cewa Bahaushe manomi ma yana da shanun huɗa da awaki, akwai kuma Fulanin da su ma aka kore musu dukiya, aka raba su da rugagensu. In Allah ya kawo zaman lafiya, ina dabbobin za su bi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa dokar karkara tun 1993, da kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, suka ƙara da dokar kiwo a 2010. A yankin Maraɗi za ka ga turakun siminti a jere suna nuna iyakar burtali. Su ma suna da rigingimunsu, amma wanda ya ci iyaka ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Abin da muke nema ba ya bukatar biliyoyi. Kowace gunduma ta zaunar da dagaci da masu unguwanni da arɗo da limami da dattawan da suka san tsohuwar iyaka. Matasa su bi su da waya, wadda ke iya ɗaukar ma'aunin wuri, a zana kowane burtali da mashaya da hurumi da filin makaranta. A liƙa taswirar a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi, a kuma sa ta a intanet. A kafa turaku. Duk takardar filin da ta faɗa cikin wannan iyaka a soke ta, a bayyana sunan wanda ya sa mata hannu. Mu masu rubuta manhaja mun iya wannan aikin, kuma a shirye muke mu yi shi kyauta.

Kai kuma mai karatu, kafin ka biya kuɗin filoti a bayan gari, tambayi dattijon unguwa me ke wurin shekara ashirin da suka wuce. In ya ce maka hanyar shanu ce, mai da kuɗinka aljihu.