Barbushe na jiran alƙalaminmu



A gefen dutsen Farnasus na ƙasar Girka akwai wani kufai mai suna Delfi. Can sarakunan da ke zuwa neman duba wurin wata mata da ake kira Fitiya, wadda suka yi imani gunkinsu Afolo na magana da bakinta. Herodotus ya kawo labarin Kurisus sarkin Lidiya: aka ce masa in ya yaƙi Farisa wata babbar daula za ta faɗi. Ya yi ta murna, ya ɗaura yaƙi, ashe tasa ake nufi. Yau Girkawa Kiristoci ne, babu mai yanka wa Afolo ko zakara. Duk da haka an fara tonon wurin a 1892, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987, marubutansu kuma ba su daina ɗibar labarinsa ba.

To mu fa? Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Barbushe na zaune a kan Dala. Tsumburbura kuwa tana wata bishiya, Shamuz, an kewaye ta da bango, shi kaɗai ke shiga. Jama'a su zo da baƙin kare, baƙar kaza, baƙin bunsuru. Ya shiga da dare, ya fito da asuba ya faɗi abin da shekara za ta zo da shi. Har zuwan baƙon da zai mallake su ya faɗa, kafin Bagauda. Sarki Tsamiya ne ya rushe bangon daga baya.

Labari kamar wannan, amma mun bar shi a takardar jarrabawa! Mun san dalili: tsoron a ce muna tallar shirka. Tsoron na da tushe, ba mu raina shi ba. Sai dai malamai ne suka rubuta tarihin nan da Larabci, imaninsu bai girgiza ba. Mu nan Sakkwato, Sarkin Musulmi Bello bai tsallake labarin mutanen da suka gabaci jihadi ba a Infaƙul Maisuri. Ba da labarin tsafi daban, yin tsafi daban.

Kuma ba sai Barbushe ya zama tauraro ba. A ba mu matar da ta kwana a gindin bangon, ɗanta ba lafiya, baƙar kazarta ɗaya tal ta miƙa, tana jiran gari ya waye ta ji abin da za a ce.

Daga Gidan Dahala, Sakkwato.