Jinkirin Fansho Laifin Baitulmali Ne

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya cika shekara 60 a duniya, ko 35 a bakin aiki, bai kamata ya yi watanni yana jiran fanshonsa ba. Tun dokar fansho ta 2004 ake yankar albashinsa kowane wata, gyaran 2014 kuma ya mayar da kasonsa 8 cikin ɗari, na gwamnati 10. Kuɗin nan suna asusunsa. Inda gizo ke saƙar shi ne haƙƙin shekarun aikinsa kafin 2004, bashin da gwamnati kan yi jinkirin biya. Masu cewa tantancewa ce ke cin lokaci, don gudun 'yan fanshon bogi, suna da hujja, amma hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kan tantance ma'aikaci tun kafin shekarar ritayarsa ta zo.