Daga Bakin Kasuwa: Yadda Na Haɗa Wa Inna Sautin Kallo

Wannan makon na ɗan jingine zancen farashin riɗi da albasa, saboda wani ɗan'uwa mai sana'ar takalma a Jidda ya aiko mini da tambaya. Yana son ya tura kuɗi gida a saya wa iyalinsa kayan sauti na kallo, irin wanda 'yan birni ke kira hom tiyata, amma abin hannunsa bai taka kara ya karya ba. Ya ce me zai saya? To ɗan'uwa, ka zo wurin wanda ya taɓa ƙona hannunsa. Bari in ba ka labarina, ka tsinci abin da zai amfane ka.

Masu bibiyar wannan fili sun san ni mutumin wani ƙauye ne a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Wad Madani. Kakana na wajen uba ya baro ƙasar Hausa a ƙasa da niyyar Hajji, ya tsaya aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, zama ya miƙe. Mahaifiyata kuwa, Inna, jinin Mai Wurno ce, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanensa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausar Inna har yau ta Sakkwatawa ce tsantsa. Jikokinta kuwa in ta yi musu Hausa sai su mayar mata da Larabci.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 muna gida, sai a watan Disamba na wannan shekarar da Madani ta faɗi muka kwashi yara muka nufi Gadarif. Bayan sojoji sun koma Madani a watan Janairu 2025 muka soma shirin dawowa. Mun tarar da gida, alhamdu lillahi, amma an share shi tas, har ƙaramar rediyon da Inna ke jin BBC Hausa da ita ba a bari ba. Na lallaɓa na sayi talabijin na hannu mai inci 32 don yara su sami abin da zai ɗauke musu hankali. Sai na lura in an kunna, Inna takan zauna na ɗan lokaci a kan angarib ɗinta, gadon igiyar nan na ƙasar nan, sannan ta ja carbinta ta shige ɗaki. Rannan na tambaye ta ko lafiya. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, ina ganin bakinsu yana motsi, amma ban san abin da suka cewa ba. Zaman me zan yi?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tsohuwar da ta yi gudun hijira da ƙafarta tana neman shekara 80, a ce ta dawo gidanta ta zama baƙuwa a tsakar gida?

Washegari na shiga kasuwa da zafina. Nan na yi kuskuren da nake son ɗan'uwanmu na Jidda ya kauce masa. Na ga wani saiti mai babban akwati ɗaya da 'yan ƙananan sifiku biyar, ga fitilu ja da kore suna walƙiya, a jikin kwalin an rubuta 5000W PMPO da manyan baƙaƙe. Mai shagon ya murɗa shi har ƙirjina yana amsawa. Na zaro kuɗin buhun dawa biyu na miƙa ban ko taya ba. Da dare aka kunna, kwanon rufi ya ɗauki kaɗawa, kaji suka watse, yara suna ta tsalle. Inna ta saurara ta saurara, ta ce, "Wannan kam ganga ce, ina mutanen?" A mako na uku wuta ta zo da ƙarfi bayan ta yi kwanaki ba ta nan, akwatin ya yi ɗan hayaƙi, shi ke nan. Uwargida ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini. Araha ba ta ado, balle wannan da ba arahar ba adon.

Na ɗauki gawar na kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo, Bahaushe ɗan'uwanmu, wanda kowa ke kira Usta. Ya juya bayan akwatin ya nuna mini inda aka rubuta abin da yake ci na wuta: bolt 12, amfiya 2. Ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, buga mini 12 sau 2." Na ce 24. Ya ce, "To abin da yake cin wat 24, ta ina zai haifi 5000? Ka taɓa zuba mudu ɗaya a buhu ka juye tiya goma?" Ya ce wannan PMPO lambar talla ce kawai. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba tare da ta gaji ba. Ɗaki ko rumfa irin tamu, wat 15 zuwa 20 na gaskiya a kowane gefe ya ishe ta har ya yi yawa.

Sannan ya faɗa mini abin da ya fi komai amfani. Ya ce kunnen tsufa siririn sauti yake fara rasawa, irin na sa da sha da tsa da fa, kuma da waɗannan ne ake rarrabe kalma da kalma. Kaurin sauti, wato bas, tsoho yana jin sa sarai, in ya yi yawa ma danne maganar yake yi. Talabijin na zamani kuma sirara ne, 'yan sifikunsu ƙasa ko baya suke kallo. Ashe ni ƙara na je na sayo, alhali abin da Inna ke nema murya ce. Daga nan muka zauna muka tsara abin da za a saya, kuma ga shi dalla-dalla.

Na farko, sifiku biyu kacal. Mun samo na ƙofar mota a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, masu faɗin inci 6 da rabi, irin waɗanda ke da ɗan ƙaramin sifika a tsakiya mai fitar da siririn sauti. In za ka saya na hannu, ka duba takardar ba ta yage ba, ka ɗan danna ta a hankali da yatsu, in ka ji tana gurza wani abu a ciki ka ajiye ta. Biyu masu kyau sun fi biyar na banza. Ba na sukar masu kewaye ɗaki da sifiku biyar ko bakwai, amma yawancin finafinan Kano da wa'azi da labaran da muke kallo ba a naɗe su don wannan tsarin ba, kuɗinka kawai za ka rataye a bango.

Na biyu, akwati. Sifika tsirara ba ta da daɗi, domin iskar da take turawa ta gaba da wadda take ja ta baya suna haɗuwa su kashe juna. Na kai wa kafinta ragowar ƙofar kabad da aka fasa mana, katako mai kauri, ya yi mini akwati biyu, kowanne cikinsa kamar lita 12 zuwa 15, wato bai kai jarka mai lita 20 ba. Aka liƙe duk wata kafa da gam don kada iska ta fita. Usta ya ce a sa wani abu mai laushi a ciki don ya shanye amsa-kuwwa, sai muka yagi audugar tsohuwar katifa muka shimfiɗa sako-sako, ba a danƙara ba. Na yi dariya na ce audugar Jazira da ta tsayar da kakana a ƙasar nan, yau ga ta a cikin sifika.

Na uku, amfilifaya. Akwai 'yan ƙanana da ba su fi tafin hannu ba, masu guntun da ake kira TPA3116, suna aiki da wutar batir daga bolt 12 zuwa 24, ba sa zafi sosai kuma ba sa shan wuta. A jikinsu za ka ga wat 50 sau biyu, amma a kan batir mai bolt 12 abin da za ka samu wajen wat 15 ne kowane gefe, kuma ya wadatar. Ka nemi mai maɓallin bas da na siririn sauti daban-daban. Namu bas ɗin yana ƙasa da rabi, siririn yana sama da rabi kaɗan, nan ne kunnen Inna ya tsaya.

Na huɗu, haɗin waya, kuma a nan ake yawan ɓarna. Sifikar mota om 4 ce. Kada wani yaro mai ƙiriniya ya ce zai ƙara wata a kan waya ɗaya kai da kai, domin biyu in sun haɗu haka sun koma om 2, amfilifaya ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone. Gefe ɗaya, sifika ɗaya. Sannan jar waya ta tafi wurin alamar tarawa a duka biyun. In alamar ta goge, ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa: in takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan batirin ita ce ta tarawa. In ka juya ɗaya, sauti zai fito fayau kamar ba gishiri. Daga talabijin kuwa, ka ɗauki sauti ta ramin abin kunne ko ta ramukan nan ja da fari da aka rubuta fita a kansu, ko kuma daga risiba. Wasu sababbin talabijin ramin haske kawai gare su, sai ka sayi ɗan akwatin da ke juya shi, ka shiga saitin sauti ka zaɓi PCM. Bluetooth yana da daɗi wajen jin karatu daga waya, amma a kallo wani lokaci baki kan riga murya, gara waya.

Na biyar, wuta. Tunda ta gwamnati sai an ga dama, mun ɗora komai a kan batir da faifan solar da muke cajin waya da shi. Lissafin ba wuya: batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1200 na awa, amma rabi kawai ake ci in ana son ya yi ƙarko. Talabijin da amfilifaya tare ba su wuce wat 60 ba, kallon awa 3 ya kama wat 180, ranar Jazira kuwa ba ta rowa. Abu biyu kada ka yi wasa da su: fis mai amfiya 5 a kan jar wayar amfilifaya kusa da batir, da kuma ajiye batirin inda iska ke shiga, ba ɗakin da ake kwana ba, don yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji.

Saura wurin ajiyewa, wanda kyauta ne amma rabin aikin ke nan. Sifiku su kasance dama da hagu na talabijin, tsakaninsu kamar taku biyu manya, a daidai kunnen wanda ke zaune, suna fuskantar mutane. Kada a rataye su can saman bango kamar lasifikar masallaci, kada kuma a cusa su a lungu. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da sauti, sai a shimfiɗa tabarmi ko darduma, a sa labule. Ginin ƙasa kuwa da kansa yake gyara murya. Ni angarib ɗin Inna na fara ajiyewa a tsakiya, sannan na auna komai daga kunnenta. In an gama a rufe kayan da zane saboda ƙurar habub.

In ka cire batir da solar da muke da su tun farko, duk abin da na kashe bai kai abin da na zubar a karon farko ba. Ga ɗan'uwanmu na Jidda, in za ka raba kuɗinka kashi goma, sa biyar a sifiku da akwati, uku a amfilifaya, ɗaya a waya da fis, ɗaya kuma ladan mai haɗawa. Kuma ka tura kuɗin hannun wanda zai karanta bayan akwati, kada ka ba wanda fitila za ta ruɗa, irina.

Daren da muka gama, bayan sallar isha'i, ɗana ya sa mana Daɗin Kowa na tashar Arewa24 daga filasha. Ban ɗaga sautin ba, maƙwabcinmu ma bai san an kunna ba, kuma haka ya kamata, don maƙwabci yana da haƙƙi, mara lafiya da mai jinjiri ma haka. Ina satar kallon Inna. Can sai na ji ta yi dariya, daidai inda ya kamata a yi dariya. Ta kuma soma yi wa wata a cikin shirin faɗa kamar tana gabanta. Ƙaramar jikarta ta matso ta tambaye ta da Larabci me wata kalma ke nufi. Inna ta ce, "Ke kishiya, ba ni faɗi sai kin tambaye ni da Hausa." Yarinya ta yi ta kame-kame har ta haɗa tambayar, aka yi mata tafi. Yanzu kusan kullum haka ake yi, da safe kuma a haɗa waya a ji karatun Alƙur'ani da labarai. Uwargida ta kawo mini jabana a daren nan ba tare da na nema ba, na san an yafe mini buhu biyun.

Wanda yake da tambaya a kan lissafin batir ko girman akwati ya aiko, abin da ya fi ƙarfina in kai wa Usta. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kasuwa, mu duba yadda ake ajiye albasa ta kai lokacin tsada ba ta ruɓe ba. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa, Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye. Wassalam.