Wa Ke Cinye Mana Data?

Makon jiya na kai ziyara Sule Tankarkar, na tarar da ƙanwata tana ta sababi, wai ta sayi data da safe don ta ƙarasa karatun wani labari, kafin la'asar ta ƙare ƙaf. Ta ce, "Yaya, wallahi sata ce ake yi mana!" Wannan kuka ba nata ne ita kaɗai ba, domin kuwa tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, duk majalisar da ka zauna daga Gumel har Gagarawa zancen ke nan.

Ni dai a nawa ra'ayin, kafin mu zargi na waje ya kamata mu leƙa cikin gida. Da na karɓi wayar tata na shiga saituna, wajen da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, sai ga gaskiya ta fito. Karatun labari bai ci komai ba, don rubutu ba shi da nauyi. WhatsApp ne ke ta sauke bidiyon biki daga zaurukan da take ciki ba tare da ta taɓa ba, Facebook da TikTok kuma suna ta jan nasu ko da wayar tana ajiye. Na kashe saukewar kai tsaye, na hana manhajojin da ba ta buƙata aiki a ɓoye, na kuma nuna mata yadda za ta danna *323# ta ga abin da ya rage mata.

Mutanen Maigatari kuwa suna da ƙarin abin lura. Garin yana bakin iyaka, don haka ɗan kasuwar da ya je cin kasuwar Alhamis wayarsa na iya kama layin Nijar ba da saninsa ba, a caje shi kuɗin ƙetare. Kashe wannan a saituna ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Sai dai ina jan kunnen 'yan uwa game da manhajojin da ake turowa ta mahaɗi, masu alƙawarin tsimin data ko data kyauta. Da yawansu sai sun nemi izinin shiga lambobinka da saƙonninka da hotunanka, wasu ma duk abin da ka buɗe ta cikinsu yake bi. Wanda ke karɓar kuɗin shanu ta banki a waya, ya ba baƙuwar manhaja damar karanta saƙonsa, ai ya ba kura ajiyar nama. Abin da ake nema yana cikin wayar tun daga kamfani.

In kuma ka duba ka ga lissafi bai yi daidai ba, ka fara kai kuka ga kamfaninka, in ba a saurare ka ba ka kira NCC a 622. Haƙƙinka ne, amma ka je da hujja a hannu.

Allah Ya sa mu dace, amin.