Ƙanƙantar ƙwaro ita ce lagonsa

Wake ya shigo gida, an kuma fara tambayar da aka saba: wane magani za a zuba kada ƙwari su cinye shi? Mu dai a ganinmu, kafin a sayi guba, gara a san ƙwaron tukuna.

Kun taɓa ganin fara mai girman akuya? Ba za ku gani ba. Lissafi ne da muka yi tun muna lakwal: in tsawon abu ya ninka biyu, fatarsa takan ninka 4, cikinsa kuwa ya ninka 8. Ƙwaro ba shi da huhu. Iska na shiga ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jikinsa, ta bi siraran hanyoyi zuwa ciki. In ya cika girma, iskar ba za ta wadaci jikin ba. Wajen shekara miliyan 300 baya, lokacin da oksijin ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na iska, an yi wani mai kama da mazari, faɗin fukafukansa santimita 70. Yau oksijin kashi 21 ne, babu irinsa.

To, ƙanƙantar ma da tata wahala. Loma ta fi malmala saurin hucewa, ko ba haka ba? Haka ƙwaron wake yake: fata da yawa, ruwan jiki kaɗan, nan da nan sai ya bushe.

Nan ne dabarar buhun PICS take, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da INRAN tun 2007: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. Ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe, su mutu. Babu ko ɗigon magani.

Wani zai ce buhun da tsada. Gaskiya ne, ya fi na kullum kuɗi. Amma in bai huje ba, baɗi ma za a sake amfani da shi. Waken da aka barbaɗa wa guba kuwa, shi muke lodawa zuwa Kano, shi ne yaranmu ke ci a ƙosai da safe.

Don Allah a shanya wake ya bushe sosai, a ɗaure kowace leda daban, a ajiye nesa da ɓera, kada a dinga buɗewa ana leƙawa. Allah ya sa albarka a abin da muka noma.